Mun baro lungun Nima, ga shi muna gina wani lungun a bayan Kasoa

Ranar Lahadin da ta wuce bayan la'asar muka zauna taron masu gidaje a ƙaramin garin da nake zaune yanzu, can gaba da Kasoa in ka kama hanyar Bawjiase. Kanofi ɗaya, kujerun roba, mutum wajen arba'in, kuma maganar da ta tara mu ita ce filin da ke bayan masallacinmu wanda tun ranar da muka sayi fulotai aka nuna mana shi a takarda aka ce na makaranta ne, sai ga shi an wayi gari tifa ta juye yashi a ciki, an kawo bulo, an fara tona. Da aka tambaya aka ce wani ya saya, har da takardarsa da sa hannun fada. Aka yi ta magana, wasu na cewa a je asambile, wato hukumar gundumarmu, wasu na cewa a bari kawai tunda mai kuɗi ne ba za mu iya da shi ba, wani dattijo kuma ya ce mu dai baƙi ne a ƙasar mutane kada mu ja wa kanmu. Ni wannan maganar ta ƙarshe ce ta hana ni barci, shi ya sa nake wannan rubutun.

A unguwar Nima da ke Accra aka haife ni. Duk wanda ya tashi a can ya san abin da ake nufi da lungu, ya san yadda ake fito da gawa daga wasu gidajen, sai an karkata makara an ɗaga ta sama da kai saboda bango da bango ba su bar wajen da mutum biyu za su jera ba, mutane na salati suna tsallake gwata. Na ga an ɗauko mace mai naƙuda a hannu tun daga ciki har bakin titi domin tasi ba ta da inda za ta shiga. Ba wai iyayenmu ba su da hankali ba ne. Lokacin da Malam Amadu Futa ya samu wajen daga hannun mutanen Ga a farkon shekarun 1930, Nima tana wajen iyakar birni, ba ruwan gwamnatin Turawa da ita, ba wanda ya ja layi ya ce nan titi nan gwata, kowa ya zo aka nuna masa waje ya kafa ɗaki, ɗan'uwansa ya zo daga arewa ya ƙara masa ɗaki a jiki, a haka a haka har aka toshe. Su suna da uzuri. Mu da muka sha wahalar abin da jikinmu, muka tara kuɗi shekara da shekaru don mu fita, mene ne namu uzurin?

Kuma abin da ya sa muke fita kowa ya sani. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma je ka nemi ɗaki a Mamobi ko Newtown ko Fadama ka gani, shekara biyu za a ce ka ajiye, in ba ka da shi ga wani a bayanka. Bayan ƙidayar 2021 da ta ce mun kai miliyan 30.8, an ce Gana na da giɓin gidaje wajen miliyan 1.8. Gidajen gwamnati na Saglemi da aka ci bashin dala miliyan 200 saboda su, aka ce za a yi 5,000, wajen 1,500 aka tayar kuma suka yi shekaru ciyawa na cin su ba kowa a ciki. Toh talaka ya jira wa? Dole ya je inda fili ke da sauƙi ya sayi rabin fuloti ya riƙa sa bulo ɗari yau ɗari biyu baɗi. Ban ga laifin kowa a nan ba, ni ma haka na yi, shekara bakwai ina gini kafin na sa kwano.

Amma ku dubi Kasoa. Sunan ma namu ne, kasuwa ce bakin mutane ya mayar Kasoa, asalin sunan garin Odupongkpehe. A 1970 mutanen wajen ba su kai 1,000 ba, a 2010 sun kusa 70,000, yau kuma sai wanda ya kwana a go-sulo tsakanin Old Barrier da Mallam zai ba ka labari. An yi gadar sama, an daina karɓar kuɗin tolbut a 2021, amma in ka sauka daga babban titi ka shiga cikin unguwanni za ka ga gidaje masu kyau, tayil da gilas da get na ƙarfe, a bakin hanyar da ruwa ya cinye ta zama rami, ba gwata, ba filin wasa, wani wajen mota ɗaya in ta shigo sai ɗayar ta koma da baya. Kuɗi an kashe, ba ƙaramin kuɗi ba, amma kowa a cikin katangarsa ya kashe. Ƙananan garuruwan da ke gaba, inda muke yanzu, su ne Kasoa ta shekara 30 da ta wuce, kuma hanyar da ta bi muke bi sawu a kan sawu.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne yadda kuɗin fili ke tafiya. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gana a hannun sarakuna da dangi take, gwamnati ba ita ke sayar maka ba. Kuma in filin sarauta ne ba ma sayarwa ake ba, haya ce mai tsawo, ɗan ƙasa yawanci shekara 99, baƙo ba ya wuce 50. Tsarin mulki na 1992 ya raba kuɗin shigar filayen sarauta: kashi 10 na ofishin da ke kula da su, abin da ya rage kuma 25 na kujerar sarauta, 20 na majalisar gargajiya, 55 na asambile. A takarda ya yi kyau. Sai dai abin da ake rabawa ɗan kuɗin hayar ƙasa ne na shekara-shekara, babban kuɗin da ka ɗauka a jaka ka kai fada, wanda suke kira kuɗin abin sha mu kuma mu ce kuɗin goro, wannan ba ya shiga lissafin. Kaga kenan duk fulotin da aka yanka riba ce a hannu yau, duk wajen da aka bari fili don titi ko makaranta ko maƙabarta asara ce ga mai sayarwa. In sabon sarki ya hau, ko wani ɓangare na dangi ya ci shari'a, abin da zai fara dubawa shi ne ina ya rage ba a sayar ba, kuma abin da ya rage ɗin kullum shi ne na jama'a. Filin makarantarmu haka ya tafi.

Doka kam akwai ta. Dokar tsara ƙasa ta 2016 ta ɗora wa kowace asambile alhakin tsara garuruwanta, da kwamiti wanda shugaban asambilen ke jagoranta, kuma ba a yarda a yanka fili a sayar ba sai ya dace da tsarin da aka amince da shi. Dokar filaye ta 2020 ta ce sarki amana aka ba shi kuma za a iya tambayarsa lissafi, ta kuma sa ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga 'yan langad, waɗannan samarin da ke zuwa a babur su ce sai ka biya kuɗin tona kafin magininka ya sa diga a ƙasa. Amma a garinmu yaushe muke ganin asambile? Sai gini ya kai linta, sannan mota ta zo a rubuta da jan fenti a bango cewa a dakata a kawo famit, wato takardar izinin gini. Mai ginin ya je ofis ya dawo, bayan sati biyu aiki ya ci gaba, jan fentin na nan har a yi filasta a rufe shi. Ban taɓa ganin an zo tun wajen yana daji an kafa alama an ce nan titi ne kada kowa ya taɓa ba, wanda shi ne aikin da ya fi sauƙi kuma ya fi arha.

Na san abin da wasu za su ce, kuma a taron ma an faɗa. Wani matashi mai aikin walda ya miƙe ya ce, Baba ku yi haƙuri, duk lokacin da aka ce tsari to talaka za a rushe. Ban ƙaryata shi ba. Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Circle da ta ci rai sama da 150, ina aka fara kai buldoza? Old Fadama. Amma manyan gidajen da aka cike fadamar Sakumono da bakin Densu aka gina, waɗanda ke tare wa ruwa hanya, nawa aka taɓa a cikinsu? Kuma famit ɗin kansa, zanen gini da sa hannun injiniya da zirga-zirgar ofis, kuɗin ya isa mutum ya sayi bulon ɗaki guda. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ni abin da na gani da idona shi ne rashin tsarin ma talakan yake ci. Mai kuɗi in hanya ta lalace yana da babbar mota, ya haƙa borhol, ya sa politank a sama, 'ya'yansa bas na zuwa ɗauka zuwa makarantar kuɗi. Hajiyar da ke sayar da koko da ƙosai a layinmu ita ce jikokinta ke tafiyar kusan awa guda a ƙasa zuwa makarantar gwamnati, ita ce ke sayen ruwa a jarkar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira Kufuor, ita ce ruwa ke shiga ɗakinta duk damina tunda wanda ke sama da ita ya toshe hanyar ruwa da katanga. Ta tashi a taron ta ce, Alhaji ni ban iya karatu ba amma ranar da na biya kuɗi an nuna min wajen nan an ce makaranta, da ita na yi lissafi na saya. Ba wanda ya iya ba ta amsa.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba fada da asambile kaɗai ba ne. A layinmu takarda ta ce hanya ƙafa 40 ce. Na ɗauki tef na auna da kaina wancan watan, wani wajen 22 na samu. Ba sarki ne ya ci ba, mu ne. Wannan ya turo katanga ƙafa uku, na gabansa ya ga haka ya turo huɗu ya ƙara da shago, wani ya haƙa ramin masai a waje, ginshiƙin siminti da safiyo mai awon fili ya kafa tun farko yanzu yana cikin tsakar gidan wani an ɗaura masa igiyar shanya. Mutanen da muke sahu ɗaya da su da asuba. In an zo maganar masallaci, wallahi cikin sati guda za a haɗa kuɗin fuloti, kuma alhamdulillahi, a ɗan garin nan masallatai sun fi biyar. Amma ba mu da maƙabarta. Wanda ya rasu sai an nemi mota an yi doguwar tafiya da shi, alhali kowa ya san yadda maƙabartar Awudome ta Accra ta cika. Addinin da ya ce kawar da ƙaya daga hanya sadaka ne, ya ce a ba hanya haƙƙinta, ban san yadda muka karanta shi har muka ga cin ƙafa huɗu na hanya ba komai ba ne. Ina roƙon limamanmu su hau mumbari da wannan maganar kamar yadda suke hawa da maganar riba.

Batun cewa mu baƙi ne kuma, da girmamawa ga dattijon da ya faɗa, ban karɓa ba. Malam Bako sama da shekara ɗari da suka wuce ya nemi ƙasa wajen sarakunan Ga ya kafa Sabon Zango, ya yanka wa mutanensa gidaje da hanyoyi a tsakani, bai ce shi baƙo ne don haka a zauna yadda aka ga dama ba. Mu kuma da Ghana Card a aljihu, muna biyan kuɗin gida ga asambile, muna jefa ƙuri'a, asambileman ɗin yankin da ƙuri'unmu ya hau. Tambayar ina taswirar garin nan take ba rashin kunya ba ne ga masu ƙasa. Su kansu 'yan asalin garin abin na cin su, gonakin rogo da masara da abarba sun tafi, masu haƙar yashi sun bar musu ramuka, matasansu ba gona ba fili, da yawansu shi ya sa suka koma langad. In muka je fada tare da su maganar za ta fi nauyi fiye da a ce 'yan zango ne suka zo ƙorafi.

Abin da na kawo a taron, kuma nake faɗa wa duk wanda ke shirin sayen fili a Amasaman ko Dodowa ko Oyibi ko nan wajenmu, kada ka tsaya kan indencha da sait filan, wato takardar yarjejeniya da zanen fulotinka, kaɗai. Je Lands Commission, hukumar filaye ta gwamnati, ka yi bincike, sannan ka je ofishin tsare-tsare na asambile ka ce a nuna maka taswirar unguwar gaba ɗaya wadda aka amince da ita, ka ga ina titi ina makaranta ina hanyar ruwa, ka ɗauki hoto a waya. In an ce babu, to ka san abin da kake saya. Mu da muka riga muka shiga kuma, mu nemi kwafin, mu buga shi babba mu manna a bangon masallaci da coci da tashar mota, mu haɗa kuɗi a kawo safiyo ya sake kafa ginshiƙan hanya, filin jama'a da ya rage a dasa masa itatuwa a sa allo tun kafin tifa ta zo.

An tashi taron gab da magariba a kan cewa mutum biyar za su je asambile ranar Laraba da takarda, biyu daga cikinsu 'yan asalin garin, ni ma ina ciki, Hajiya mai koko ta ce ko ba a sa sunanta ba za ta bi mu. Da na biyo ta wajen filin a hanyar gida na tarar an riga an zuba kankaren faundeshin a ɓangare ɗaya, magina na wanke shebur.