Jakin daji a Amurka ba tsintuwa ba ne

Mutane da yawa idan suka ga hotunan jakuna suna yawo a titin garin Oatman na jihar Arizona sai su ɗauka dabbobi ne marasa mai shi, duk wanda ya kama ya zama nasa. Ba haka abin yake ba.

Jakunan nan jikokin waɗanda masu haƙar zinariya suka sake ne bayan aiki ya ƙare. A 1971 shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta ba dawakai da jakunan daji kariya a filayen gwamnatin tarayya, kuma hukumar kula da filaye ta BLM ce ke da alhakin yawancinsu. Wanda ya kama ɗaya, ko ya tsangwame shi, ko ya kashe shi, yana iya shan tarar da ta kai dala 2,000 ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun.

Ko gonarka jakin ya shiga ya yi ɓarna, ba ka da ikon harbinsa. Hukuma za ka sanar, ta zo ta kwashe abinta. Haka ma in mota ta buge shi ya karye: jami'ai ake kira, su ne ke yanke shawarar jinya ko a kashe shi don a hutar da shi.

Mai son jaki da gaske yana iya karɓar riƙo daga BLM, amma sai ya shekara yana kula da shi kafin a ba shi takardar mallaka.