Yadda John Cena Ya Cinye Mini Waken Azumi

A unguwarmu da ke kusa da Ƙofar Marusa a birnin Katsina akwai wata majalisa da muke zama a gindin bedi, dab da teburin wani dattijo mai shayi wanda kowa yake kira Baba. Wasu majalisun siyasa ce abincinsu, wasu kuma ƙwallon ƙafa, amma tamu ba ta da zance sai na reslin, wato kokawar nan ta Amurkawa. Mu shida ne 'yan asali: ni, da tela, da mai gyaran babur, da wani malamin firamare da ya yi ritaya, da yaro mai cajin waya, sai kuma shi Baba, wanda yake sa baki daga bayan tukunyar shayinsa.

A wannan majalisa sunana Farfesa, kuma ban taɓa hana kowa kira na da shi ba. Na samu wannan matsayi ne saboda ni kaɗai nake karanta labaran reslin a intanet, don haka ni nake yi musu bayanin cewa kamfanin WWE yana da marubuta da suke tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau fage, kuma su suke raba wa 'yan wasa hali, wannan akta wancan bos, kamar dai a fim ɗin Indiya. Baba bai taɓa karɓar wannan bayani ba. Ya ce shi tun zamanin Power Mike yake kallon abin nan a talabijin marar kala, kuma duka dai duka ne, babu marubucin da zai karɓar wa mutum kujerar ƙarfe a gadon baya. Har gobe a wurinsa, kayar da Undertaker da Brock Lesnar ya yi a 2014, bayan nasara 21 a jere a gasar WrestleMania, ba komai ba ne illa karyewar asiri, domin a cewarsa mutumin ya ci wani abu da bokansa ya hana shi.

Kaina ya gama kumbura ne a watan Afrilun 2024, lokacin da na yi hasashen cewa Cody Rhodes zai ƙwace kambu daga hannun Roman Reigns, wanda ya kwana 1,316 yana riƙe da shi, kuma haka aka yi. Ban ga dalilin da zai sa in sanar da su cewa rabin duniya ma haka ta yi hasashe ba.

A watan Yulin shekarar ta 2024 John Cena ya tsaya a Toronto ta ƙasar Kanada ya sanar da cewa zai yi ritaya a ƙarshen 2025. Da daddare muka baje maganar a majalisa, kowa yana faɗin yadda yake ganin za a sallame shi. Can sai Baba ya ɗago kai yana fifita gawayi, ya ce: “Ni wanga yaro ban yarda da shi ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana murmushi bai taɓa ɓata rai ba, akwai abin da yake ɓoyo. Kafin ya tafi sai ya nuna halinsa.”

Na yi dariya har na ƙware da shayi. Daga nan na gyara zama na ba su lacca. Na ce Cena ya fara fitowa a babban fagen kamfanin tun 2002, kuma fiye da shekara ashirin ke nan yana akta. Na ce riguna da hulunan da yara suke saye da sunansa sun fi ƙarfin a yi wasa da su. Na ce mutumin da ya cika burin yara marasa lafiya fiye da 650, har aka sa shi a kundin bajinta na Guinness, babu marubucin da zai yi gangancin mayar da shi bos a shekararsa ta bankwana. Malam mai ritaya ya tuna mini cewa Hulk Hogan ma gwarzon yara ne kafin ya juya a 1996, na ce masa wancan zamani daban, wannan daban. Da na tsaya a nan da na tsira. Amma ganin yadda yaro mai caji ya saki baki yana kallona, sai na ji ya kamata in rufe jawabin da abin da za a daɗe ana tunawa, na buga ƙirji na ce: “Ranar da John Cena ya zama bos, ni zan ciyar da majalisar nan kwana bakwai, ku shaida.” Tela ya ce sun shaida. Magana zarar bunu, ta fita, ni kuwa ko a jikina, domin a raina na yi alkawari ne a kan abin da ba zai taɓa faruwa ba.

Aka ɗauki azumi ranar Asabar 1 ga Maris, 2025. A daren da za a wayi gari azumi na biyu, ina zaune ina sahur da tuwon da ya kwana, sai wayata ta yi ƙara. Ganin sunan tela a irin wannan lokaci ya sa gabana ya faɗi, na ɗauka ina tambayarsa wa ya rasu. Ya ce babu wanda ya rasu, in dai duba saƙon da ya turo mini, kuma in ci abinci sosai domin zan buƙaci ƙarfi.

Bidiyo ne daga gasar Elimination Chamber da aka gama a daidai wannan lokaci, a Toronto ɗin dai da aka yi sanarwar ritaya. Ga Cena ya rungume Cody Rhodes yana murmushin nan nasa, ga The Rock a tsaye a bayan Cody. The Rock ya ja yatsu a maƙogwaro, sai na ga murmushin ya zube daga fuskar Cena kamar an ɗauke wuta. Ya saki Cody, ya harbe shi a inda ba a faɗa, sannan ya bi shi da duka da agogo da kambu har jini ya wanke masa fuska. Sau huɗu na maimaita kallon ina neman alamar cewa haɗi ne na kwamfuta. Ina cikin na biyar ladan ya kira salla, ga lomar tuwo a hannuna ban kai baki ba, ruwa ma ban sha ba. Haka na shiga azumin ranar da rabin sahur saboda wani Ba'amurke da bai san da zamana a duniya ba.

Bayan tarawihi na nufi majalisa da hujjoji biyu da na yini ina wasawa. Na farko, na ce tun da duk abin shiri ne, ai Cena bai zama mugu da gaske ba, saboda haka alkawari bai hau kaina ba. Baba ko kallona bai yi ba, ya ce: “Farfesa, ai cewa ka yi marubutan ba za su rubuta ba. Ko shi ya yi, ko su suka yi, an dai yi.” Na koma ta biyu, na ce abin da nake nufi da ciyarwa shi ne shayi da burodi. Nan malam mai ritaya ya gyara tabarau ya yanke hukunci cewa ciyarwa a watan azumi ba ta da wata fassara sai buɗa baki, har ya taya ni murnar ladan da Allah ya kawo mini har gida. An ce Katsinawa kunya gare mu ba tsoro ba, kuma wannan kunyar ce ta hana ni tashi in gudu.

Wurin uwargida ne aka yi ta. Na ɗauki kusan rabin sa'a ina kewaye-kewaye, na faro daga falalar ciyar da mai azumi, kafin in iso ga sunan John Cena. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce: “Malam, kai da kullum kake ce wa yara abin nan wasan kwaikwayo ne, to shi waken da na aje na wata guda, shi ma na wasan kwaikwayo ne?” Ban ba ta amsa ba, domin intanet bai tanadar mini ita ba.

Ranar farko mutum shida suka zo, aka sha kunun tsamiya da ƙosai da dabino cikin mutunci. Ranar ta biyu suka zama goma sha ɗaya, domin mai gyaran babur ya ce yaran shagonsa ma 'yan majalisa ne ta wajen sauraro. Ranar ta huɗu na ƙirga ashirin da uku, na aika a ƙaro ƙanƙara sau biyu, kuma daga ranar uwargida ta daina yi mini magana sai ta bakin yara. Ranar ta shida wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ya share faranti biyu na ƙosai, ya yi hamdala, ya riƙe hannuna ya ce Allah ya saka wa wannan John Cena da alheri, sannan ya tambaye ni kulob ɗin da yake buga wa ƙwallo.

Duk wannan bai ƙona mini rai ba kamar yadda sarautata ta koma hannun Baba a kan tabarmata, a ƙofar gidana. Shi ake tambaya yanzu. Aka nuna masa hoton Omos, dogon nan haifaffen Legas mai tsawon ƙafa bakwai da inci uku, ya ce wannan ba zai yi nisa ba, domin kafin saƙo ya taso daga kansa ya isa ƙafarsa an riga an kayar da shi. Aka nuna masa Oba Femi, shi ma ɗan Legas, ya ƙura masa ido ya ce wannan ƙirar 'yan damben gargajiya gare shi, kuma idonsa babu wasa, zai riƙe babban kambu in dai bai biye wa sababbin abokai ba. Na yi gyaran murya na fara bayanin cewa Oba Femi tsohon ɗan wasan jifan dalma ne a Jami'ar Alabama, cewa tun watan Janairu yake riƙe da kambun NXT, wato reshen WWE na 'yan wasa masu tasowa, kuma makomar ɗan reslin ta dogara ne ga iya magana a makirufo da yadda 'yan kallo suke amsa masa. Ban kai ƙarshen jimlar ba tela ya ce: “Farfesa, miƙo mana kunun can.”

A watan Afrilu Cena ya kayar da Cody a Las Vegas ya ɗauki kambun duniya karo na 17, ya wuce tarihin Ric Flair, ban ce uffan ba. Amma a farkon Agusta, da ya fito ya saki halin bos ya koma akta, kwana biyu kafin Cody ya karɓe kambunsa a gasar SummerSlam, sai na garzaya majalisa na ce ga shi nan, wata biyar kacal ya yi, asalin maganata ta tabbata, don haka a duba batun wakena. Baba ya ce tuban Cena tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma bai taɓa jin tuban da ya dawo da ƙosan da aka riga aka ci ba.

Da Disamba ta zo aka sa ranar 13 ga wata domin wasansa na ƙarshe a birnin Washinton, da Gunther, ɗan ƙasar Ostiriya. Ana gobe wasan, Baba ya ce yana ji a jikinsa Cena zai miƙa wuya da hannunsa. Jinina ya hau nan take. Mutumin da takensa duk rayuwarsa shi ne kada a taɓa sarewa, wanda yake yawo da wannan rubutu a tawul? Na miƙe tsaye, na ɗaga yatsa, na ce: “Ku shaida, in har John Cena ya miƙa wuya gobe, ni kuma zan...”

Sai na ji an ja mini riga ta baya. Ɗana ne na biyu, wanda ashe tun bayan sallar azumi uwarsa ta ɗora masa aikin zama a bayan bencin majalisa duk daren da ake shirin babban wasa, tana biyansa da ƙwai ɗaya. Ya ce: “Baba, Umma ta ce ka zo yanzu-yanzu, kuma ta ce kada ka ƙarasa.” Tela ya roƙe ni in ƙarasa ko da kalma ɗaya ce, yaron kuwa ya riƙe rigar da hannu biyu har sai da muka shiga zaure.

Da asubahin Lahadi saƙon tela ya shigo. Gunther ya shaƙe Cena ta baya, Cena ya yi ɗan murmushi, ya daddaɓa hannu ya miƙa wuya. A ƙarƙashin bidiyon tela ya rubuta cewa majalisa tana son sanin ko rago na yi niyyar cewa.