Hannun da ya danna salula kada ya taɓa bakin robar nan

Shekaranjiya da dare na je duba ɗan maƙwabciyarmu a ɗakin reya, wato ɗakin masu ciwo mai tsanani, na wani asibiti nan Damagaram. Yaron na kwance, an sa masa roba a jijiyar wuya. Ina tsaye wata yarinya cikin fararen kaya ta shigo tana danna salula, ta jefa ta aljihu, ta kama bakin robar ta ɗura allura. Ba ta wanke hannu ba, ba ta goge bakin robar da alkol ba. Kwalbar alkol kuwa ga ta kan tebur, ko taku biyu babu. Wallahi har yanzu abin na ci mini rai.

Ƙannena ma'aikatan jinya, robar nan ba irin ta bayan hannu ba ce da ake ƙarin ruwa. Ko ta wuya aka sa ta ko ta saman ƙirji, bakinta na ciki yana dab da zuciya. Ƙwayar cutar da ke kan yatsanki, in ta hau bakin nan, jini za ta faɗa kai tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa da hannunmu muka tsaga bangon don ceton rai. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya taso, jiki na karkarwa, jini ya sauka, a rubuta wa iyaye maganin da sai sun sayar da akuya. Sannan mu ce kwana ne ya ƙare. Kwana na hannun Allah, ba musu, amma sakaci namu ne.

Daƙiƙa 15 ta isa a goge bakin robar, a bar shi ya bushe. Murza hannu da alkol daƙiƙa 20 zuwa 30 ne. Wanda ke da awa guda ta kallon TikTok a aikin dare, shi ne zai ce ba shi da wannan? Kada kuma a fake da matsalar ruwan garinmu, alkol ba ya jiran famfo. Ga masu sa safar hannu ɗaya tun safe, su taɓa gado, su taɓa ƙofa, su karɓi kuɗi, su dawo kan robar. Ga dogayen farata da zobba, kamar biki aka zo.

A jihar Mishigan ta Amurka, likita Peter Pronovost ya sa ɗakunan reya 103 bin abubuwa biyar kacal, ciki har da wanke hannu da cire robar da zarar an daina bukatarta. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cutar da ke shiga jini ta robar nan ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Ba sabuwar na'ura suka sayo ba. Hannu ne dai.

Mu da muka koyi aiki gaban tsofaffin majo, wato shugabannin ma'aikatan jinya, ko tiren allura ba ka isa ka ɗauka ba sai ka nuna hannunka, ciki da baya. Majo ya ga filasta ta jiƙe ko ta ɗaye a wuyan maras lafiya, ranar ba ka da fuskar cin abinci. Yau ka yi wa yaro gyara, ya ce ka tsane shi. Ni ma da na yi wa yarinyar nan magana a hankali, "Ƴata, goge mana tukuna," kallona ta yi sama da ƙasa ta fita. Uwar yaron tana zaune kan tabarma bakin ƙofa, har godiya ta yi mata.