Don Allah a daina ɗora farin rubutu a kan ruwan goro mai haske

'Yan uwana masu zanen katin biki da fasta, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Launin nan na ruwan goro mai haske ya shiga yayi, har kamfanin Pantone mai tsara launuka ya zaɓi irinsa, Peach Fuzz, a matsayin launin shekarar 2024. Yanzu duk inda ka duba shi ne: katin ɗaurin aure, tallar leshi a Instagram, shafin masu humra da turaren wuta. Ni ban ƙi shi ba, ina ma cikin masu son sa. Yana da sanyi a ido, kuma hoton baƙin mutum ko wankan tarwaɗa ya fi zama daram a kansa fiye da a kan fari fat. Abin da ke damuna shi ne kayan da ake ɗora masa.

Za a turo kati ta WhatsApp, bango ruwan goro mai haske, sunan ango da amarya da farin rubutu siriri mai lanƙwashe-lanƙwashe, ranar ɗaurin aure kuma da ruwan gwal. A shagon mai zane, cikin inuwa, a babban allon kwamfuta, ya yi kyau abinsa. To wa zai karanta? Kawun amarya ne, dattijo, tsaye a ƙofar masallaci bayan azahar, rana tana dukan gilashin wayarsa, tabarau kuma yana gida. Ya ware yatsu ya ƙara girma, ya karkata wayar nan, ya kare ta da hannun riga, a ƙarshe ya kira ya tambayi ƙarfe nawa ne.

Abin nan fa ana auna shi. Ƙa'idar WCAG da masu gina shafukan intanet ke bi ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 a kan 1 ga ƙananan haruffa, ko 3 a kan 1 ga manya. Gwada da lambar launi #FFCC99, wato wani ruwan goro mai haske: fari a kanta ko 1.5 bai kai ba, baƙi kuwa ya haura 14. Idan baƙi ya yi maka nauyi, ga ruwan ƙasa mai duhu, ga shuɗi mai duhu irin na rini, duk suna tafiya da shi lafiya lau.

Jaridar Financial Times ta Landan tun 1893 take fitowa a takarda mai launi tsakanin ruwan hoda da ruwan goro, kuma shafinta na intanet ma irin bangon ya ɗauka, sai dai ya fi haske. Ka duba da me suke rubutu a kai. Da duhu.

Wajen bugawa kuwa rigimar ta fi haka, kuma nan ne ake ɓatawa da kwastoma. Allon waya haske yake fitarwa, ja da kore da shuɗi. Injin bugu tawada huɗu yake haɗawa, kuma ruwan goro daga biyu yake fitowa, ruwan ɗorawa da ja mai ɗaukar hoda. In ana son sa da haske, ba ruwa ake ƙara wa tawadar ba, ƙananan ɗigo ake warwatsawa, farin takarda ya cike tsakaninsu. Shi ya sa ba ya jure kuskure ko kaɗan. Jan ya ɗan rinjaya, ya koma hoda. Shuɗi ya ɗan kutsa ciki wajen juya fayil daga RGB, launukan allo, zuwa CMYK, tawadar bugu, ya zama kamar shayin da aka tsuga wa madara ya kwana. Takarda marar sheƙi tana shan tawada, ɗigon ya baje, launin ya yi duhu. Kati mai ruwan madara kuma yana ja shi zuwa ɗorawa. Banar talla da za a kafa a rana ba a ma magana, don tawadar ruwan ɗorawa da ta jan su ne kan fara koɗewa. Ai kun ga yadda tsofaffin fastocin 'yan siyasa ke komawa shuɗi-shuɗi a bango.

Saboda haka in Hajiya ta zo ta ce a yi mata kati ya dace da anko, kada a tsaya kan hoton leshi da ta nuna a waya, don kowace waya da nata ruwan goron. A ce ta kawo ƙyallen. A buga guda ɗaya tak a kan ainihin katin da za a yi aikin da shi, a fito ƙofar shago a haɗa su a hasken rana, ba a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki ba. Za ta ce sauri take yi, biki ya matso. Ni dai gara ta yi mini fushin jiran awa guda da a buga ɗari biyar ta ce ba wannan ta zaɓa ba, don in aka kai nan, kuɗin sake bugu daga aljihun mai zane yake fita.