Ɗalibin saikoloji ba ya karanta zuciyar kowa

Abin yana damuna. Da zarar ɗalibi ya ce saikoloji yake karantawa a jami'a, sai ka ji an ce masa, "To, faɗa mini abin da ke raina." Ban ga laifin masu tambayar ba, tunda sun ji an ce fannin yana nazarin tunani. Amma babu darasin da ke koyar da gano sirrin zuciyar mutum.

Abin da ake koya shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke mai da hankali, da tuna abu, da yanke shawara, ta hanyar gwaji a kan mutane masu yawa da kuma lissafi.

Misali, a 1974, a Amurka, masu binciken saikoloji Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai bidiyon haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka ce wa motocin sun "ragargaji juna" sun ƙiyasta gudun ya fi na waɗanda aka ce wa sun "bugi juna". Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Mutum 16 cikin 50 na rukunin farko suka ce sun gani, 7 kawai a ɗaya rukunin, alhali babu gilashin a bidiyon.