Kafin a ƙara kuɗin tikiti, a fara cika zauren

Tun daga watan Yunin 2025, lokacin da mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar da 'yan wasa suka shigar da hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, jami'o'in ƙasar suka shiga wani sabon lissafi. Yanzu kowace jami'a da ta shiga tsarin tana iya biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kaso mafi tsoka yana tafiya ne wajen ƙwallon Amurka, ƙwallon kwando da sauran wasanni kuma su raba abin da ya rage. Shi ya sa duk daraktan wasanni ke kwana da tambaya ɗaya: ina za a samo kuɗin?

Amsar da ta fi kusa da hannu ita ce aljihun ɗan kallo. Jami'ar Tennessee ba ta ɓoye ba, tun a watan Satumban 2024 ta sanar da ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan tikiti, ta ce kuɗin biyan 'yan wasa ne. Na yaba da wannan gaskiyar, domin gara a faɗa wa mutum abin da yake biya da a cusa masa shi a ɓoye. Amma Tennessee tana da jama'ar da ke layi suna jiran kujera. Abin da ke damuna shi ne jami'ar da zaurenta rabi fanko ne, ta ga abin da manya suka yi, ita ma ta ɗauka. Wanda bai tara kasuwa ba, ina ya ga tsawwala farashi?

A ganina ƙwallon kwando ta jami'a ba wasan kaɗai take sayarwa ba. Mai son ganin gwanaye tsantsa yana da gasar ƙwararru ta NBA a talabijin ɗinsa. Abin da ke fito da mutum daga gida cikin sanyin Janairu shi ne hayaniyar zauren, ganguna da kakakin ɗalibai, da jin cewa wannan ƙungiyar tasa ce. Dubi jami'ar Duke. Zaurensu na Cameron mutum 9,314 kawai yake ɗauka, ƙarami ne idan aka kwatanta da na manyan jami'o'i, amma kujerun da ke gab da filin na ɗalibai ne. Su ne ke kafa tantuna a kan ciyawa makonni kafin wasansu da North Carolina, suna kwana cikin sanyi da laka, ana zagayowa da dare ana kiran suna don a tabbatar ba wanda ya zame ya koma ɗaki. Attajirin da ke zaune a sama, wanda ya zuba gudummawa mai kauri kafin ya samu kujera, wannan ihun yake saye. Ranar da aka kori ɗaliban zuwa lungu aka sayar da wurinsu ga masu hannu da shuni, an samu kuɗin bana, amma an sayar da abin da ya sa kujerar take da daraja tun farko.

Misalin da ya fi ratsa ni shi ne na koci Dawn Staley a jami'ar South Carolina. Ta karɓi ƙungiyar mata a 2008, kakarta ta farko suka ci wasa 10 aka ci su 18, a zauren da ke ɗaukar mutum 18,000. Ba ta zauna jiran kofi ya kawo mata jama'a ba. Ta riƙa shiga gari, tana tsayawa bayan wasa ta gaisa da mutane, ana ɗaukar hoto, har ta daina kallonsu a matsayin 'yan kallo, dangi take ce musu. Zuwa kakar 2015 sun zama kan gaba a duk ƙasar wajen yawan masu zuwa kallon wasan mata, kuma suka riƙe wurin shekara da shekaru. Kofin ƙasa na farko bai zo ba sai 2017, sannan 2022 da 2024. Jama'ar suka riga kofin zuwa, kuma wannan ne darasin da masu lissafi a ofis suke yawan tsallakewa.

Na san abin da za a ce: nasara ce ke sayar da tikiti, tauraro ne ke cika zaure. Akwai gaskiya a ciki. Caitlin Clark, tauraruwar ƙungiyar mata ta jami'ar Iowa a lokacin, ita ce ta sa mutum 55,646 suka zauna a filin Kinnick na Iowa a watan Oktoban 2023, a sarari cikin iska, suna kallon wasan sada zumunta da DePaul. Wasan ƙarshe na gasar mata ta 2024 tsakanin Iowa da South Carolina ya tara masu kallo kusan miliyan 19 a talabijin, ya zarce na maza. Sai dai tauraro baƙo ne, shekara huɗu ya tafi, yanzu ma da sauya sheƙa ta yi sauƙi wani shekara ɗaya zai yi. Abin lura a Iowa shi ne bayan tafiyar Clark da ritayar koci Lisa Bluder, tikitin kaka sukutum ya sake ƙarewa. Iyayen da suka saba kawo 'ya'yansu mata ba su daina ba, zuwa kallon ya riga ya zama al'adar gida.

Ƙananan jami'o'i su ne abin tausayi, ba na musu. Da yawa daga cikinsu suna cinye watan Nuwamba da Disamba a hanya, suna zuwa gidan manya a lallasa su a biya su dubun-dubatar daloli. Kuɗin yana toshe ɓaraka, amma mutanen garinsu ba sa ganin ƙungiyar sai an shiga sabuwar shekara, ta dawo da tarin rashin nasara. Wa zai yanki tikitin kaka a haka? Ga irinsu, wasa biyu a gida da maƙwabciyar da ake 'yar tsama da ita, ranar Asabar da rana, da tikitin iyali mai rahusa, sun fi alfanu nan gaba. Yaron da aka shigar kyauta yana zuwa da babba mai biya, kuma za a sayi abinci da riga. Kujerar da ta kwana babu kowa ba ta kawo ko sisi, ba kuma a ajiye ta a sayar gobe.

Jami'ar Gonzaga, a garin Spokane, ta gina zaure mai ɗaukar mutum 6,000 kacal a 2004, alhali tana tashe tana iya neman wanda ya ninka shi. Shekaru da dama samun tikitinta sai mai rabo, kuma ɗalibanta na nan dab da fili suna tsalle tun kafin a jefa ƙwallo.