Soson Ƙarfe da Idon Kyamara

Duk mai ɗaukar hoton biki a Jidda ya san idon kyamara yakan fi kyamarar kanta cin kuɗi. Nawa Canon ne, farin nan dogo mai jan zobe, wanda ake kira 70-200. Na hannu na saya, riyal 4,500, ranar da na kwashi adashi. Da Maman Ummi ta tambayi kuɗinsa, na tuna kujerun da nake mata alkawari tun azumin bara, sai bakina ya riga ni: "Ɗari biyu."

Ranar wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da shi a kife cikin kwandon wanke-wanke.

"Baban Ummi, shi ya sa aka sayar maka da arha. Wani shuɗi-shuɗi ne kwance a fuskarsa, duk maiƙo. Sai da na sa soson ƙarfe ya fita."

Ina halin ihu? Wa ke ihu a kan ɗari biyu? Godiya ma na yi.

Washegari na nufi Balad, tsohon garin Jidda, wurin wani dattijo mai gyara, Bahaushe haifaffen Makka. Ita kuma ta ce sai ta raka ni, wai za ta duba abaya.

Baba ya ɗaga shi a fitila ya yi salati. Ya ce shuɗin nan ba datti ba ne, wani shafe ne da ake turara wa gilashi a masana'anta, ya fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa, shi ke hana haske tarwatsewa. Gilasai 23 ne jere a ciki, kowanne an goge shi daidai, an daidaita shi da na kusa da shi. Ɗaya ma ba gilashi ba ne, fulorait ne, wani dutse da kamfanin ke renonsa da kansa a Japan, ya fara sa shi a idon kyamara tun 1969. Ni dai sai ƙifta masa ido nake. Ya ce, "Ɗana, ƙura ce ta shiga?"

Sannan ya yanke: canjin gilashin gaba, riyal 1,300.

Maman Ummi ta kalle shi, ta kalle ni, ta daɗe. Sai ta zuge jaka.

"Haba Baba, gyara ya fi saye? A bar shi. Ungo ɗari huɗu, Baban Ummi. Ka koma inda ka sayo, ka ɗauko mana biyu."